Ku Daina Jingina wa Allah Sakacinku

Malamin da ya hau mumbari makon jiya ya ce ambaliyar Maiduguri fushin Allah ce saboda zunuban mutanen gari, jama'a kuwa suka amsa masa da kabbara. Wannan kabbarar ce ta fi ƙona mini rai. Fushi a kan wa? A kan tsofaffin Gwange da ruwa ya shigo musu ɗaki da tsakar dare? A kan majinyatan da ke kwance a asibitin koyarwa? Dabbobin gidan namun daji na Sanda Kyarimi da suka nitse cikin keji, su kuma wane saɓo suka aikata?

Madatsar ruwa ta Alau aikin hannun ɗan Adam ce. An kammala ta a 1986 a kan kogin Ngadda. Ta jawo ambaliya a 1994, sannan bayan shekara 30 ta sake ɓallewa ranar 10 ga Satumba, 2024. Duk birkila ya san siminti yana tsufa, yana tsagewa, yana neman gyara. Akwai mutanen da ke karɓar albashi kowane ƙarshen wata don su duba ta. Amma da ruwa ya cinye Kasuwar Monday, ya kori dubban ɗaruruwan mutane daga gidajensu, sai ga manya da farar riga sun zo jaje, kowa na cewa ƙaddara ce, a yi haƙuri, Allah ya mayar da alheri. Wanda ya kamata ya amsa tambaya sai ya koma sahun masu jan addu'a.

Daga nan kuma mu dawo muna mamakin yaranmu na jami'a da suka fara tambaya a ɓoye: in Allah mai iko ne, mai rahama, me ya sa ya bar wannan? Tambayar ba sabuwa ba ce. Da girgizar ƙasa ta rushe Lisbon ranar 1 ga Nuwamba, 1755, mutane da yawa suna cikin coci, marubuci Voltaire ya yi ta kuka da ita. Takwaransa Rousseau ya amsa masa cewa mutane ne suka cunkushe kansu a benaye masu hawa shida da bakwai. Wasu kuwa daga wannan tambayar sai su ce wai zafin duniya hujja ce ta rashin Mahalicci. Wannan magana ba ta da ƙafar tsayawa, kuma ba zan ɓata tawada a kanta ba. Wanda ya ba mutum hankali da zaɓi bai yi masa alkawarin duniyar da sakaci ba ya kisa ba. Abin da ke damuna shi ne wanda ya sa wa yaron nan tambayar a baki. Mu ne. Tun yana goye yake jin ana rubuta sunan Allah a kan kowace ɓarna da mutum ya tafka. Kwalekwale ya ɗauki ninkin lodinsa ya kife, ƙaddara. Direba ya kwana uku bai runtsa ba, ƙaddara.

Sikila fa? Nan ne raina ya fi ɓaci. Iyaye su ƙi gwajin jini kafin aure, wai bincike ne cikin ikon Allah, a haifi yaro ya rayu yana murƙususu a kan tabarma, ƙasusuwansa kamar ana sara da gatari, uwa na shafa masa man zafi tana kuka. Sai da Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, kuma har gobe akwai masu neman takardar bogi. Ranar jana'iza su ne za su fara cewa kwana ne ya ƙare.

Za a ce ina musun ƙaddara. Na yi imani da ita, alherinta da sharrinta. Sayyidina Umar ma ya yi imani da ita, amma da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da tawagarsa, ya kuma shaida wa Abu Ubaida cewa juyawar ma cikin ƙaddarar take. Wa ya fi shi tawakkali a cikinmu?

Wannan fassarar ta miƙa wuya tsohuwar hajar fada ce. Tun zamanin Banu Umayya masu mulki ke son aƙidar Jabariyya, domin talakan da ya yarda ba shi da zaɓi ba ya tuhumar sarki. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya sha fama da miyagun malamai masu halasta wa sarakunan Haɓe zalunci, ya rubuta a kansu, ya yaƙe su da alƙalami. Jikokinsu na nan, sun samu lasifika da motocin kyauta. Malamin makon jiya ya yi huɗuba mai tsawo a kan suturar 'yan matan Maiduguri, bai ambaci kuɗin gyaran madatsar ba ko sau ɗaya.