Hayaƙin murhu ba gadon mata ba ne

Maigida, ɗaga kai ka dubi rufin madafar gidanka. Baƙin da ya maƙale can, irinsa matarka da goyonta ke shaƙa safe da marece. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da ciwon huhu ke kashewa, hayaƙin cikin gida ne sanadi. Wanda ya tashi sama kuma ya riƙe zafin rana, ya ƙara ɗumama duniya.

Kar ka ce haka kakanni suka yi. Su ba su ga matatar Damagaram ba, mai fitar da gaz tun 2011. In gaz ya fi ƙarfinka, murhu mai sauƙi bai kai kuɗin salularka ba. Malaman lakwal, ku koya wa ɗalibai wannan, su kai maganar gida.