In ka shiga Kano, ka kwana a cikin gari

Duk bayan Sallah abu ɗaya nake gani a Facebook da TikTok. Matashi ya taso daga Gummi ko Bukkuyum, ya bi ta Anka da Gusau da Tsafe da Funtuwa, hanyar da ba a binta sai da addu'ar iyaye, ya isa Kano lafiya. To me zai ɗoro mana? Hotonsa a ƙofar Ado Bayero Mall da askirim a hannu, sai wani a kan gadar Ƙofar Nasarawa. Kwana uku ya juyo, kuɗin da ya yi wata shida yana tarawa sun ƙare a ɗakin otal da abincin kwali. Ka tambaye shi sunan mutum ɗaya da ya sani a Kano, sai ya fara sosa ƙeya.

Ban hana ka hoto ba, ni ma na yi. Amma idan Allah ya sake kai ka, ka nemi masauki a cikin unguwa, can cikin ganuwa ko a Fagge, inda mai yawon buɗe ido ba ya kwana.

Mu ya kamata mu fi kowa sanin ciwon a san gari da hoto ɗaya. A 2010 sunan 'Yargalma da Dareta ya zaga duniya saboda gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a wuraren da ake sarrafa zinare. Daga baya kuma sai labarin 'yan bindiga. Wanda bai taɓa taka ƙasarmu ba, iyakar abin da ya sani ke nan. Bai san fadamunmu ba, bai san ranar kasuwarmu ba, bai san yadda muke karɓar baƙo ba. Yana ba ka haushi, ko ba haka ba? To kai ma haka kake yi wa Kano idan ka tsaya a titin Gidan Zu ka ce ka gama ganinta.

Katafaren kantin nan da kake hoto a gabansa a 2014 aka buɗe shi. Kasuwar Kurmi kuwa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Kuma unguwannin da ke cikin birnin, sunayensu kaɗai darasi ne: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawan fatauci suka zauna, Sharifai, Dukawa, Soron Ɗinki. Baƙi ne irinka suka zo da kayansu, suka sami mai masauki, suka zauna har unguwa ta ɗauki sunansu ko na sana'arsu. Garin da aka gina da baƙi ne, ka ga kuwa ba kai ne farkon wanda zai yi sallama da jaka a kafaɗa ba.

Zuwana na farko otal na sauka, ban san kowa ba sai mai gadi. Zuwa na biyu wani abokin cinikin baffana ya ajiye ni a shagon samarin gidansa kusa da Jakara. Katifa ce a ƙasa, wuta sai ta ga dama, sauro kuma kada ka tambaya. Amma kafin kwana huɗu na san wace ƙofa ake sallama a sayi gurasa da zafinta, na san mai shayin da labarin farashin kaya ke fara isa teburinsa, na kuma gane cewa kuɗin da ake faɗa wa baƙo a Kantin Kwari daban, wanda ake faɗa idan ɗan gari ya riƙo hannunka daban. A majalisar bayan Isha'i aka yi ta yi mini dariya don na ce "mi kac ce", ni ma na rama da tasu "yanzun nan fa, Malam". Cikin masu dariyar nan akwai wanda har yau shi ke saya mini kaya ya sa a mota, ba sai na sake shan hanya ba. Lissafa abin da wannan ya rage mini na kuɗin mota, da na zullumi.

Na san abin da za ka ce: daba fa, da ƙwacen waya? Gaskiya ne, akwai su, kuma lungun cikin gari ba wurin yawon dare da waya a hannu ba ne. Akwai ma abin da ya fi wannan ɗaci. Yau idan ka ce daga Zamfara kake, wani zai sake kallonka sau biyu. Shi ya sa ba a faɗa wa unguwa haka kawai. Ka je ta hannun wani: ɗan garinku da ke karatu a Jami'ar Bayero, ko abokin kasuwancin mahaifinka, ko malamin da ɗan uwanka ya yi almajirci a gabansa. Ka bari ya gabatar da kai ga dattawan layin, in kwanakin da yawa har ga mai unguwa. Ka riƙe katin shaidarka, ka riƙa sallah a masallacin layin don a san fuskarka. Baƙon da aka san mai masaukinsa, unguwa ce ke tsaronsa.

Ke kuma 'yar uwa, a wannan kin fi mu sa'a. Mu iyakarmu zaure, ke kuwa har tsakar gida, inda ake tuyar alkaki da ɗinkin hula da haɗin turaren wuta, inda ake juya jarin da ba ya fitowa a kowane hoto. In kina da gwaggo ko yaya da ke aure a can, wajenta za ki sauka, ki kuma buɗe ido ki yi tambaya.

Abu ɗaya nake roƙo. Unguwa gidan mutane ce, ba filin ɗaukar bidiyo ba. Kada ka saita kyamara a fuskar tsohuwa mai sayar da ɗanwake ko almajiri yana bara don ka tara masu kallo. Ka tuna yadda ka ji ranar da ka ga hoton yaran ƙauyenku yana yawo a intanet ba wanda ya nemi izinin iyayensu. Ko a marinar Ƙofar Mata, da suka saba da baƙi, ana gaisawa a tambaya kafin a ɗaga waya.

Kuma kada ka shiga gidan mutane hannu rabbana. Ɗan man shanu ko kwanon gero daga gida ya wadatar, sai ka karɓi lambar mai masaukin tun kafin ka hau mota, ka kira shi idan kun wuce Funtuwa.