Libarbar Kaka Ba Ta Ga Yaƙin Basasa Ba

Wannan makon da kanmu za mu yi faɗa.

Kwanakin baya mun je ta'aziyya Ruwan Bago ta ƙasar Rogo. Ana kwashe kayan mamacin sai ga tsohuwar libarba a ƙasan adaka, naɗe cikin tsumma. Nan take wani daga cikinmu ya ce wannan ai ta Basasar Kano ce, ya ma samu jigon littafi. Wani kuma cewa ya yi a nemo harsashi a gwada ta. Babu wanda ya ce a duba jikinta. Da aka goge tsatsar, sai ga sunan Enfield, ga .38, ga 1942. An yi Basasa daga 1893 zuwa 1895, Turawa suka ci Kano a 1903. Bindigar ta fi kama da tsarabar sojan da ya je yaƙin Bama.

Ciwonmu ke nan. Da mun ga tsohon abu sai mu ɗora masa shekarun da labarinmu yake so. Shi ya sa za ka tarar da jarumin zamanin Sarki Alu Mai Sango yana ɓarin wuta da bindigar da ba a ƙera ba sai bayan rasuwarsa.

Alhali ƙarfe yana faɗin shekarunsa ga mai tambaya. Samuel Colt ya yi wa libarbarsa rajista a Amurka a 1836. Sojan Ingila ya karɓi Webley a 1887, ya karɓi Enfield mai .38 a 1932. Jikin bindiga yana ɗauke da sunan maƙera da lamba da hatimin gwaji, irin na gidan gwajin Birmingham da aka kafa a 1813. Ɗan zane mai kama da kan kibiya kuma shaida ce cewa kayan gwamnatin Ingila ne.

Za a ce mana ai ƙirƙira ce, wa zai bincika? To, a ƙirƙiri mutane da soyayyarsu, wannan haƙƙinmu ne. Amma wanda ya ambaci Kano da 1903 ya shiga gonar tarihi, kuma yaron da ya karanta zai haddace kuskuren, ya kai shi aji.

Na biyun ya fi muni, don rai ya shafa. Sau nawa muka rubuta jarumi ya zaro bindigar kakansa, ya ɗura harsashi, ta tashi garau? A 1884 aka ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi a Faransa, kuma ya fi baƙin albarushin da ƙarfi. Bindigar da aka ƙera don na da tana iya tarwatsewa a hannu in aka ba ta na yanzu. Ko ta baya-bayan nan ce, tsatsa na cin bututu ta ciki, kuma in kwanon harsashi bai daidaita da bututun ba, gefe ƙarfe zai fantsama. Wata ma da harsashinta aka adana ta. Matashin da ya karanta mu yana da irin wannan adaka a gidansu.

Ga kuma doka. Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba cikin haramtattun makamai, tsufanta bai wanke ta ba. Shi ya sa muka shawarci magada su sanar da dagaci, a miƙa ta ga 'yan sanda.

Kafin mu sa makami a hannun jarumi, mu leƙa Gidan Makama, mu zauna da maharba da maƙera da 'yan bindigar hawan salla. Matambayi ba ya ɓata. Wanda ya ga mun yi tsauri, ya kawo hujjarsa, muna saurare.