Wayar da Ido Ba Ya Gani: Gyara ko Sauya Na'urar Naɗe Ƙyallen Jirgin Ruwa

A jirgin ruwa mai tafiya da iska, aiki mafi haɗari a da shi ne sauke ƙyallen gaba idan guguwa ta taso, domin dole mutum ya rarrafa zuwa goshin jirgi igiyar ruwa tana dukansa. Na'urar naɗi ce ta kawo sauƙi: matuƙi yana zaune a baya ya ja igiya ɗaya, ƙyallen ya naɗe kamar tabarma. A shekarar 1907 aka yi wa samfurin Wykeham-Martin rajista a Ingila, kuma har yau kamfanin Davey yana ƙera shi da tagulla.

Sai dai galibin na'urorin da ke kan tsofaffin jirage na zamani ne: kwarkwaro a ƙasa da igiya ke kewayewa, majuyi a sama, da dogon bututun alminiyum a tsakaninsu. Idan irin wannan ta fara cijewa, mai jirgi yakan tambayi abu ɗaya: gyara ko sabuwa? Tambayar ta zo da gaggawa.

Abin farko shi ne sanin wanda ya ƙera ta. Furlex ta kamfanin Seldén ce ta Suwidin, Profurl ta Faransa, Harken ta Amurka, kuma kayan ɗaya ba su shiga ɗaya. Rana da gishiri sukan goge suna, sai a dogara ga siffar kwarkwaron da faɗin bututun. Idan har ana samun kayan gyaranta, jefar da ita almubazzaranci ne. Sau da yawa gishiri ne ya daskare a cikin boris, ruwan daɗi kuma ya isa ya wanke shi. Idan kuwa kusoshin ƙarfe sun ci alminiyum sun manne, ko bututun ya lanƙwashe, ko kamfanin ya daina kayan, to sauyawa ta wajaba.

Amma babban haɗarin ba ya cikin kwarkwaro. A cikin bututun akwai wayar ƙarfe da ke riƙe da ginshiƙin jirgin daga gaba, ido ba ya ganinta. Idan igiyar da ke ɗaga ƙyalle ta nannaɗe a saman bututun, matuƙi kuma ya ɗora igiyar naɗi a kan injin ja don ya tilasta mata, wayar ce ke murɗewa, silinta su warware. Ranar da ta tsinke, ginshiƙin kan faɗo baya, wajen da mutane ke zaune. Shi ya sa masu wannan sana'a ke ba da shawarar sauya wayoyin ginshiƙi bayan shekara 10 zuwa 15, wasu kamfanonin inshora kuma sukan nemi shaidar hakan.

Masu cewa abin da ke aiki a bar shi suna da hujja a kan tagulla da boris, waɗanda kan yi ƙara ko su cije kafin su lalace. Ba su da ita a kan waya, domin ita ba ta gargaɗi. Saboda haka a yi tsimi a kan na'urar, amma duk wayar da ba a san shekarunta ba a zare ta a sa sabuwa kafin jirgi ya bar gaɓa.