Shawarar wannan wata: Makaɗi ma a biya shi guminsa

A Madawa, Buza da Keita, kowa ya san ladan makaɗi. In ya yi kiɗan gayya, mai gona ya ba shi damin hatsi. In ya wasa ɗan kokowa, 'yan kallo su yi masa kyauta.

Yau waƙa ta shiga salula. Ranar kasuwa, mai turi yana zuba wa mutane waƙoƙi, yana karɓar kuɗi. Gidajen rediyo ma suna sa su. Mai waƙar kuwa yana ƙauye, ko dala bai gani ba.

Doka ta hana haka. A 1995 gwamnatin Nijar ta kafa ma'aikatar kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, a Yamai. A 2010 aka sabunta dokar haƙƙin. Ma'aikatar tana karɓar kuɗi wurin masu cin riba da waƙa, ta raba wa masu ita.

Amma mai son rabo, sai ya rubuta sunansa da waƙoƙinsa can. Ga amfanin yaƙi da jahilci: makaɗin da ya iya karatu ba ya sa hannu a takardar da bai gane ba.