Jirgin Alminiyam Ba Ya Ruɓewa, To Allon Bayansa Fa?

Wannan makon mu aka ba fili, kuma bakin ruwa za mu kai ku.

Duk sanda jirgi ya nutse da mutane a ƙasar nan, magana ɗaya ake maimaitawa: a rabu da jiragen katako. Mun ji ta bayan 26 ga Mayu, 2021, ranar da jirgin da ya kwaso mutane fiye da 150 daga jihar Neja ya tsage a kusa da Warrah, cikin ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi. Mun sake jin ta bayan 30 ga Nuwamba na wannan shekarar, da jirgi ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai, akasarin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne. Allah Ya ji ƙansu. Ministan harkokin teku, Adegboyega Oyetola, shi ma ya yi kira ga jihohi da su koma jiragen faiba da na alminiyam. Ba mu da ja a kan wannan kira. Jayayyarmu tana kan tunanin da ke biyo bayansa, wai da zarar jirgi ya zama na alminiyam an yi sallama da ruɓa ke nan.

Ba a yi ba. Akasarin ƙananan jiragen alminiyam suna da katako a jikinsu, kuma a wurin da ya fi ko'ina ɗaukar wahala yake, wato bangon baya inda ake ɗaura inji. Allon baya za mu riƙa kiransa. Fatar alminiyam ɗin jirgi siririya ce, sau da yawa ba ta wuce milimita 2 ba, don haka maƙera jirgi suke sa katako mai kauri a wurin domin maɗaurin inji ya sami abin kamawa. Injin Yamaha mai ƙarfin doki 15 nauyinsa ya kusa kilo 40, mai doki 40 kuwa ya haura kilo 70. Ba nauyin kaɗai ba ne. Farfela tana can ƙasa cikin ruwa tana tura jirgi, saboda haka duk sanda aka ba inji wuta, ƙasan allon ana danna shi gaba, samansa ana fizgarsa baya. Haka yake sha daga safe har yamma.

Mu uku ne muka gama difloma tare a foliteknik, kuma a hutun bara muka sauka Yauri, gidan kawun ɗaya daga cikinmu. Kawu yana da ƙaramin jirgin alminiyam mai tsawon ƙafa 14, na hannu ya saya, yana ƙetarar da mutane da buhunan kaya ranakun kasuwa. Kukansa ɗaya: kullum sai ya ƙara ɗaure inji, kullum kuma sai ya sake kwancewa. Ya riga ya je wajen mai walda, an yi ciniki za a manna masa farantin ƙarfe a kan wurin.

Muka kama ƙafar injin muka ɗan jijjiga, sai muka ga bangon bayan gaba ɗaya yana lanƙwasa yana dawowa. Muka ɗauki sukundireba muka caka wa katakon ta ƙasa, kusa da ramin tsiyayar da ruwa. Ta shige kamar an caki dafaffen rogo.

"Kawu, wannan ba aikin faci ba ne. Sai an cire shi duka."

"Ku yara, ranar kasuwa nawa kuke so in rasa?"

Tambayarsa tana kan hanya, kuma za mu dawo kanta. Amma ku duba abin da farantin zai yi. Maɗaurin inji matsewa yake yi, kuma in abin da ke tsakiya ya zama dusa, matsewar ba ta da abin tsayawa a kai. Farantin zai ɓoye ciwon daga ido, ya kuma hana katakon shan iska, ruɓar ta ƙara samun wurin zama. Ita ruɓa aikin wasu ƙananan halittu ne dangin fumfuna, masu buƙatar laima da iska da ɗumi. Katakon da laimarsa ba ta kai kashi 20 cikin 100 ba ba sa iya cinsa. Allon baya kuwa kullum a jiƙe yake ta ramukan kusoshi da ruwan saman da ke kwanciya a gindin jirgi, ga zafin Yauri a kai. Daga nan nauyin da katako ya kamata ya ɗauka sai ya koma kan kusurwoyin alminiyam, su fara tsagewa. Ƙarshenta ko inji ya faɗa ruwa, ko ruwa ya shigo ta baya, wurin da dama ya fi nutsewa saboda nauyin inji da direba. Jirgin da ya rasa inji a tsakiyar Kwara lokacin cikar ruwa, da mata da yara a ciki, ba sai mun yi muku bayani ba.

Kawu ya yarda da ƙyar. Aikin kansa ba wani sihiri ba ne. Muka sauke inji, muka huda kawunan ribit ɗin da ke riƙe da murfin saman allon da na kusurwoyi, muka kwance duk wata kusa mai noti. Katakon bai fito a dunƙule ba, gutsure-gutsure muka riƙa zaro shi. Da ya fito lafiya da shi za mu ɗora a kan sabo mu zana, amma tunda ya wargaje sai muka yanka kwali daidai da wurin muka yi awo da shi.

Abin da muka tarar a bayansa ne ya fi ba mu tsoro. Fatar alminiyam ɗin ta yi farin gari, kuma da muka goge muka haska tocila ta ɗaya ɓangaren, sai ga haske yana ɓullowa ta wasu 'yan ƙofofi kamar hudar allura. Alminiyam ba ya jan tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, shi ya sa mutane ke yi masa kallon wanda ba ya ciwo. Amma in jiƙaƙƙen katako ya daɗe manne da shi, yana cinyewa a hankali. A nan ne mai walda ya yi mana rana: da katako ya fita, ya cike ƙofofin da waldar agon, wadda ita ce ta dace da alminiyam. Da an yi waldar da katakon a ciki, da zafin ya babbaka shi.

Zaɓen katako shi ne inda muka fi yin gardama a tsakaninmu. Filaiwud ɗin da kafintoci ke yin durowa da silin da shi ba zai yi ba, domin gam ɗin da ke tsakanin fallayensa ba ya jure ruwa, damina ɗaya zai buɗe kamar littafi. Akwai wanda aka yi musamman don jiragen ruwa, kuma sai da muka yi sautunsa daga Legas. Falle biyu masu kaurin inci uku bisa huɗu muka manne, suka ba mu inci ɗaya da rabi, daidai da tsohon. Ɗayanmu ya so a sa maɗaci ko ƙirya tsagwaro, tunda su ne masassaƙanmu suka sani. Suna jure ruwa ƙwarai, sai dai katako tsagwaro yana iya tsagewa bin jijiyarsa daidai inda kusoshi suka yi layi, shi kuwa filaiwud fallayensa a gicciye suke. In babu wani zaɓi, busasshen maɗaci ya fi filaiwud ɗin silin nesa ba kusa ba. Wanda ba a kusanta ko kaɗan shi ne katakon nan mai ɗan kore-kore da aka dafa da maganin gara. Yawancin irin wannan magani akwai jan ƙarfe a cikinsa, kuma jan ƙarfe da alminiyam in suka haɗu a cikin laima, alminiyam ne ke narkewa. Mutum zai ga kamar ya yi dabara, alhali jikin jirgin ya sa a gaba.

Sai shafe. Gam mai haɗi biyu, dangin Araldite amma mai ruwa-ruwa, muka shafa sau uku, muka fi ba gefuna ƙarfi domin ta nan katako ke shan ruwa. Ramukan kusoshi muka huda su da faɗi fiye da kusar, muka cike da gam, da ya bushe muka sake hudawa daidai. Ta haka kusa ba ta taɓa katako ko kaɗan. Fatar alminiyam ta ciki muka yi mata fenti kafin allon ya zauna, kusoshin kuma na ƙarfen da ba ya tsatsa muka sa, kowace da abin toshe ruwa a wuyanta. Tsayin allon muka bar shi inci 15 kamar yadda yake, domin injin Kawu mai gajeriyar ƙafa ne. Da mun ƙara masa tsayi, da farfela ta riƙa shan iska a maimakon ruwa.

Kwana tara jirgin ya yi a tudu, mafi yawansu jiran kaya da jiran gam ya bushe. Kawu ya rasa ranar kasuwa guda da 'yan ƙananan jigila, kuma kuɗin kayan ba kaɗan ba ne ga mai abin da ya samu yau shi zai ci gobe. Wannan ce amsar tambayarsa, kuma ba za mu raina ta ba. Mai jirgin da ya zaɓi faci ba wawa ba ne, lissafin tukunyar gidansa yake yi. Shi ya sa muke ganin nauyin bai kamata ya tsaya a kansa shi kaɗai ba.

Gwamnatin jiha ko ɗan majalisar da ya sayo jiragen alminiyam ya raba wa garuruwan bakin ruwa, a yi biki a ɗauki hoto, rabin aiki ya yi. Bayan 'yan shekaru allunan nan za su fara laushi kusan lokaci guda, a garuruwan da babu mai sayar da filaiwud ɗin ruwa, babu kuma wanda aka taɓa nuna wa yadda ake canza shi. A cikin kuɗin sayen jirgi ya kamata a ware na koya wa kafintoci da masu walda biyu ko uku a kowace mashiga, a kuma ajiye kayan gyara a hannun ƙungiyar masu jirage. A New Bussa akwai kwalejin tarayya ta koyar da fasahar kamun kifi, a bakin tafkin Kainji, ga kuma foliteknik-foliteknik ɗinmu cike da matasa masu difloma suna zaune. Jami'an hukumar NIWA da sarakunan ruwa da ke ƙirga fasinja da rigunan kariya a mashigai, su ƙara da sukundireba a aljihu. Cakawa ɗaya da jijjiga ƙafar inji ba za su ci minti biyu ba.

Kafin mu baro Yauri mun ɗaure injin da sarƙa a jikin jirgi, mun rubuta watan da aka sa allon da fenti a gefensa, mun kuma roƙi Kawu ya riƙa cire toshiyar ramin baya yana ɗaga goshin jirgin duk sanda ya fito da shi tudu. Har yanzu in muka yi waya sai ya ce mun ci masa ranar kasuwa. Guntun tsohon katakon kuwa yana nan a rumfarsa ta bakin ruwa, kuma an ce duk mai jirgin da ya zauna shan shayi sai ya miƙa masa ya ce ya matsa da yatsa ya ji.