Jakar kyamara ba ado ba ce ga mai hoton Farin Dutse

Idan matashi ya tara kuɗi ya sayi kyamara don shiga sana'ar hoto, jaka ce abu na ƙarshe da yake tunawa da shi. Wani ya ari jakar makarantar ƙanensa, wani ya ci gaba da amfani da kwalin da kyamarar ta zo a ciki har ya yage, wani kuwa ya rataya ta a wuya ya haye babur.

Wannan sakaci ne, kuma a kudancin Jigawa sakaci ne mai tsada. Mai hoton da ke zirga-zirga tsakanin Farin Dutse da Sara da Gwaram da Birnin Kudu ya kamata ya sa kuɗin jaka cikin kuɗin kyamara tun ranar farko. Kuma hanyar da zai bi da yanayin garinsu ne ya kamata su zaɓar masa jakar, kafin a zo maganar kyau ko sunan kamfani.

Dalili na farko kuɗi ne. Kafin watan Yunin 2023 dalar Amurka tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Cikin shekarar 2024 ta haura naira 1,500. Kyamara da gilashinta da masu sana'a ke kira lens duk daga waje ake shigo da su, ko sababbi ko na gwanjo. Abin da mutum ya fasa a da ya maye gurbinsa da kuɗin biki biyu ko uku, yau yana iya zama ƙarshen sana'arsa.

Dalili na biyu nisa ne. Mai gyaran kyamara ba kamar mai gyaran waya ba ne da ake samu a kowace kasuwa. Galibi sai an dangana da Kano, tafiyar fiye da kilomita 100 daga Birnin Kudu, kuma wanda ya taso daga ƙauyukan Gwaram tasa ta fi haka. Ga kuɗin mota, ga kuɗin gyara, ga aikin da zai kuɓuce kafin a dawo da kayan.

Abubuwa huɗu da ke kashe kyamara a yankin

Na farko gargada. Da zarar an sauka daga kwalta an kama hanyar burji, babur ne abin hawa. A cikin lens akwai gilasai da dama da aka jera da ƙa'ida, wasunsu ma motsi suke yi don daidaita hoto da hana shi rawa. Jijjiga ta yau da gobe tana kwance su a hankali, sai mai hoto ya ga aikinsa yana fita dishi-dishi bai san dalili ba.

Wannan ba zato ba ne. A watan Satumbar 2021 kamfanin Apple ya gargaɗi masu iPhone cewa ɗaura wayar a jikin babur mai ƙarfin inji na iya lalata na'urar da ke daidaita kyamararta. Masu ɗaukar hoto da waya ma ke nan gargaɗin ya shafe su.

Na biyu ƙura. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta baza ta a kan Arewa baki ɗaya. Ƙwayar yashi ta fi gilashi tauri. Shi ya sa wanda ya goge lens mai ƙura da bakin rigarsa, kankare shi yake yi. Sababbin kyamarori marasa madubi kuwa, da an cire lens sai sensar da ke kama hoton ta zauna a fili, ƙura ta sauka a kanta, ɗigo ya riƙa fitowa a kowane hoto.

Na uku zafi. Mafi yawan kamfanonin kyamara suna rubuta cewa an yi ta ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40 a ma'aunin Selshiyos. A watannin Afrilu da Mayu zafin Jigawa kan haura 40 ko a inuwa. Baƙar jaka da aka bari a rana, ko a cikin mota rufe, cikinta ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma batir ne ke fara jin jiki.

Na huɗu danshi. Daga Yuni zuwa Satumba, musamman a Agusta, ruwa na iya sauka mutum yana tsakiyar hanya babu wurin fakewa. Jigawa na cikin jihohin da ambaliyar 2022 ta fi yi wa ɓarna, kuma mazauna yankin sun san yadda rafi kan cika cikin ɗan lokaci. Amma wanda ya fi ruwan sama ɓarna shi ne danshin da ba a gani. Lens da aka rufe a wuri mai duhu da laima yakan yi fumfuna daga ciki, ta bazu kamar saƙar gizo-gizo, in ta daɗe ta cinye fentin da ke fuskar gilashin.

Me za a duba kafin a biya?

Ƙasan jaka ne farkon abin dubawa, domin nan ne ke bugun ƙasa duk lokacin da aka ajiye ta. Mai saye ya danna shi da yatsa. Idan yatsunsa biyu suka haɗu ta ciki da waje, to soson ba zai tare komai ba.

Sai rabe-raben ciki. Dole kowane kaya ya samu ɗakinsa, ya zauna cif ba ya motsi. Kyamara da lens da fitila idan suna gugar juna a hanya, su da kansu za su yi wa juna rauni. Jakar da ta yi yawa ma matsala ce, don kaya yawo suke yi a ciki.

Sai baki. Zif da ke fili ƙofa ce ga ƙura da ruwa. Wanda ke da murfi da ya rufo kansa ya fi. Zif ɗin ya kasance mai manyan haƙora, domin ƙanana ƙura ce ke fara cinye su.

Sai rigar ruwa. Jakunkuna da yawa suna zuwa da ita a wani ɗan aljihu a ƙasa. In babu, babbar leda mai kauri da aka ninke a ciki tana yin aikin, kuma tana amfani a hunturu kamar yadda take yi da damina.

Sai ɗinkin maɗauri. Kyamara da lens biyu da fitila da batura suna iya kai kilo 3 zuwa 4, kuma duk nauyin a kan wannan ɗinki yake. Nan ne jakar araha ke fara cin amanar mai ita.

Don haka mai saye ya tafi kasuwa da kayansa, ya zuba su a ciki, ya goya, ya ɗan yi tsalle ya saurara ko zai ji ƙara. Sayen jaka ta hoton da aka gani a intanet, ba tare da an auna kayan ba, sayen kifi a ruwa ne.

Ta kafaɗa, ta goyo, ko akwati?

Jakar kafaɗa tana da saurin buɗewa, ta dace da wurin ɗaurin aure ko hawan sallah inda abu kan wuce cikin ƙiftawar ido. Aibinta shi ne a kan babur lilo take yi, tana bugun ƙarfe, ga ta da karya kafaɗa ɗaya.

Akwati mai tauri irin na kamfanin Pelican ya fi kowanne kariya. Masu lambar IP67 ƙura ba ta shiga, kuma suna jure zama cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30. Sai dai tsada da nauyi. Kuma idan aka ɗaure shi a kariyar babur, duk jijjigar hanya kai tsaye take shiga, sai in soson ciki mai kyau ne.

Ga wanda babur ne abin hawansa, jakar goyo ce ta fi. Jikin mutum yana shanye yawancin jijjigar kafin ta kai ga kayan, hannayensa biyu kuma suna sake. Mai maɗaurin ƙirji da na ƙugu ta fi zama daram. Wadda ke buɗewa ta ɓangaren da ke manne da baya tana da ƙarin amfani biyu: ɗan sane ba ya kai ga zif a cikin cunkoson kasuwa, kuma idan aka kwantar da ita a ƙasa, gefen da ya sha ƙura ba shi ne zai koma kan riga ba.

Akwai kuma maganar ido. Jakar da aka rubuta wa Canon ko Nikon da manyan baƙaƙe shela take yi wa kowa abin da ke ciki. Wadda ta yi kama da jakar ɗalibi ta fi kwanciyar hankali ga mai dawowa daga biki bayan isha'i.

Masu cewa tsada ce

Akwai masu cewa wanda ya sha wuya kafin ya haɗa kuɗin kyamara ba shi da rarar sayen jaka ta kamfani. Gaskiya ne, jakunkunan Lowepro da makamantansu sababbi sun fi ƙarfin mai farawa. Amma wannan hujja ce ta neman mafita mai sauƙi, ba ta zama babu kariya ba. Ana dacewa da masu kyau a cikin gwanjo a kasuwanni irin su Ƙofar Wambai a Kano, in mutum ya yi haƙurin dubawa.

Tarihin manyan jakunkunan ma darasi ne. Jim Domke mai ɗaukar hoto ne a jaridar Philadelphia Inquirer ta Amurka. Da ya rasa jakar da ta dace da aikinsa, sai ya tsara tasa da yadi mai kauri, aka fara sayar da ita a 1976. Kamfanin Billingham na Ingila kuwa da jakar masu kamun kifi ya fara a 1973, sai da ya lura masu hoto ne ke rububinta sannan ya juya. Duka biyun daga buƙatar mai aiki suka fito, aka kai wa mai ɗinki.

Babu abin da zai hana a yi haka a Birnin Kudu ko Gwaram. Akwai teloli, akwai masu ɗinkin kujerar babur da ke aiki da tampol da soso kullum, akwai dukawa. Mai hoto zai iya kai kayansa a auna, a ɗinka masa ɗan gida mai ɗakuna da zai zura cikin jakar goyo ta yau da kullum.

Sharaɗi biyu ne kawai. A yi amfani da soso mai tauri irin na silifa, domin soson katifa ruwa yake sha ya riƙe. Kuma kada a yi cikin da fata, duk kyanta, saboda fata na riƙe danshi tana kiran fumfuna. A bar ta a maɗauri da kusurwoyi, inda ƙarfinta ke da amfani.

Jaka ba ma'ajiya ba ce

Ko jakar ta kai ina, ta tafiya ce. Da damina, in an dawo gida a fito da kayan su sha iska, a shanya jakar. 'Yan ƙullin silika da ake samu cikin kwalin sabon takalmi ko na magani suna tsotse danshi. A tara su, a zuba tare da lens a cikin roba mai murfi, a riƙa busar da su lokaci-lokaci, don in sun ƙoshi ba sa ƙara aiki.

Da hunturu kuwa a riƙa kakkaɓe cikin jakar, in ba haka ba ita ce za ta zama rumbun ƙura. In za a sauya lens, a juya wa iska baya, a kifa bakin kyamarar ƙasa, a yi sauri. Ɗan famfon roba na hura iska ya fi baki, domin baki da yawu yake tafe.

Batir kada ya kwana aljihu ɗaya da makulli ko tsabar ƙarfe. Katin memori kuwa, da an gama aiki a cire shi a sa a aljihun riga. In jaka ta ɓata an yi asarar kaya, amma aikin mutane ya tsira.

Wannan ne ma ainihin abin da ake karewa. Ana iya sake sayen kyamara ko da bashi ne. Ɗaurin aure kuwa sau ɗaya ake yi, haka saukar Alƙur'ani, haka naɗin sarauta. Iyalin da suka biya kuɗi suka kira mai hoto amana suka ba shi, kuma ba za su karɓi uzurin cewa ruwa ya shiga jaka ba.

Yankin yana da abin da ya cancanci a ɗauka da kyau. A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zanen shanu da mutanen da suka gabata suka bari, da duwatsu masu amo da Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950, kuma suna cikin wuraren tarihin da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ke kula da su. Ga kasuwanni, ga noma, ga bukukuwa. 'Yan yankin ne suka fi kowa kusa da waɗannan abubuwa, kuma kyamarar da ta mutu a shekararta ta biyu ba za ta adana ko ɗaya ba.

Saboda haka matashin Farin Dutse da ke lissafin lens na biyu ko sabuwar fitila ya dakata tukuna. Ya fara duba abin da yake zuba na farkon a ciki. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani, balle inda mai maganin yake Kano.